Sha Takwas Bisa Ashirin

Allah ya saka da alheri ga wanda ya ƙirƙiro takardar auna ma'aikata ta ƙarshen shekara, musamman wadda ake cike wa jami'in sayayya. Da Disamba ta kama, sanyi ya sauko Arlit, sai a kira shi ofishin shugaba, a tura ƙofa, a kawo shayi. Mai aunawar kuwa shi ne ya sa hannu a kan kowace oda da jami'in ya rubuta tun Janairu. Wa ya fi shi cancanta? Abokin cin mushe ai ba a ɓoye masa wuƙa.

Tambayoyin ma na masu hankali ne. Yana zuwa aiki da wuri? Yana girmama na gaba? Yana neman farashi wurin 'yan kasuwa uku kafin ya saya? Yana nema mana. Ga takardun nan uku a fayil, suna uku, hatimi uku. Cewa daga jaka ɗaya suka fito, kuma lambar waya guda ce a ƙasan kowace, wannan shaidar zumunci ce, kuma da ma an san 'yan kasuwarmu da haɗin kai.

Babban abin burgewa shi ne babu gurbin tambayar ko kayan sun iso, ko a wane hali suka iso. To, ina amfaninsa? Tun 1971 aka fara fitar da uraniyom daga garin nan, kuma duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit ya san yadda ramuka suka cinye kwaltar. In an biya kuɗin sabuwar taya ta iso a suɗe, hanya ce ta suɗe ta, ko da a bayan mota ta yi tafiyar. Manyanmu na Yamai sun riga sun nuna yadda ake yi: binciken 2020 kan sayen kayan soja ya ƙiyasta kusan miliyar 76 na sefa, tsakanin aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Shekaru aka ɗauka ana wannan ciniki, kowace da Disambarta.

Kwatanta wannan wayewa da ƙauyancin Tchibarakaten, can kusa da iyakar Aljeriya, inda aka yi ta tururuwar haƙar zinariya tun 2014. Mai rami zai danƙa wa yaronsa kuɗi ya tafi Arlit ya sayo gazuwal da igiya da shinkafa da kayan gyaran inji. Yana dawowa, ƙurar hanya ba ta bar fuskarsa ba, za a sauke duro-duro a zura kara cikin kowane. Igiyar kuma sai a miƙa wa waɗanda za su sauka rami da ita, su ja, su murɗa, su faɗi ra'ayinsu a gaban kowa. Lebura ke nan yake auna mai sayayya! Ba ofis, ba hatimi, ba su ma da haƙurin jiran ƙarshen shekara. Ruwan sha ma, da ake kawowa a tanka daga nesa, sai sun ɗanɗana kafin su biya.

Kada a ce takardar ofis ba ta kama mai laifi. Tana kamawa. Akwai irin jami'in nan mai taurin kai da zai buɗe kwali, ya lanƙwasa takalmin aiki ya ga ya tsage, ya mayar wa ɗan kwangila kayansa, har ya rubuta rahoto. Shi ne ke samun sha ɗaya bisa ashirin, da jan biro a gefe: ba ya tafiya da jama'a. Tunda kamfanin uraniyom na COMINAK ya rufe a 2021 aiki ya yi wuya a Arlit da Akokan, saboda haka ana sa ran zai gyara halinsa kafin baɗi. Mai sha takwas kuwa za a ƙara masa kuɗin ƙwazo, 'yan kasuwar nan uku kuma su aiko masa da ragon sabuwar shekara, guda ɗaya, a madadinsu duka.