Majigin Gidan Kallo: A Sake Ko A Lallaɓa?

Mu nan Gezawa ba mu saba yar da kaya don sun tsufa ba. Keke a yi ta kai shi wajen mai walda, rediyo a ɗaure shi da roba, fanka a tura ta da kara kafin ta tashi, kuma kowa ya ce ai da sauran amfaninta. Shi ya sa maganar majigin gidan kallon unguwarmu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tun da aka shiga kakar ƙwallo ta bana ake tafka ta: a teburin mai shayi, a dakalin ƙofar gida bayan Isha'i, har a cikin mota idan an taso daga Yankaba za a dawo gida.

Majigin ya gaji, wannan babu mai musu. Koren fili ya koma ruwan ɗorawa. Idan aka ɗaga ƙwallo sama sai ta ɓace a cikin hasken bango, sai ta faɗo kan wani ka sake ganinta. Sunan ɗan wasa da mintin da ake ciki, waɗanda ake rubutawa a ƙuryar allo, na bencin gaba kaɗai ke iya karanta su, na baya sai tambaya. Abin da ya fi ci wa jama'a rai kuwa shi ne ɗaukewa. Ana tsakiyar wasa sai fankar cikinsa ta fara gurnani, wata 'yar jar fitila ta kama ƙiftawa, hoto ya tafi. Nan take ɗaki ya kaure: "Maigida, ya ɗauke!" Shi kuma mai gidan kallon ya hau benci da mafici a hannu yana yi masa fifita, samari suna haska shi da fitilar waya, ana jin muryar mai sharhi a sifika tana tashi tana sauka, ba wanda ya san abin da ke faruwa a gaban raga.

Samari dai magana ɗaya suke yi: a sayar da shi a kawo falasma. Sun gani a birni, sun gani a Jogana, hoto tar kamar ka taɓa ciyawar. Hujjarsu mai ƙarfi ce, musamman a kan wasan rana. Wasan farko na ranar Asabar a gasar Firimiyar Ingila yana farawa da ƙarfe 12:30 na rana a agogonmu, idan sun ja agogonsu baya lokacin sanyi kuma ya koma 1:30. A wannan lokaci rana tana tsaka, haske na shigowa ta kowace kafa ta langa-langa, majigi kuwa ba ya shiri da haske. Talabijin daga cikinta haskenta yake fitowa, ko an buɗe ƙofa ana gani. Ga kuma maganar mai. Majigi mai ƙwai yakan ja wuta wat 250 zuwa 350, alhali talabijin ta zamani mai inci 55 tana aiki da wajen wat 100. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin fetur, duk mai kunna janareto ya koyi wannan lissafi ko bai je makaranta ba. Talabijin za ta iya zama a kan sola da batir, a huta da ƙarar inji da hayaƙinsa.

Manya kuwa, da duk wanda ya saba zama a bencin baya, ba su yarda ba. Wani dattijo da ba ya rasa wasan Najeriya ya ce wa samarin, "Ku 'ya'yana, idonku ne da ƙarfi. Mu da muke can baya kusa da ƙofa, a wannan ɗan allon naku me za mu gani?" Gaskiya ya faɗa. Majigi yana shimfiɗa hoto mai inci 100 ko 120 a bango ba tare da wata wahala ba, kuma wanda bai yi lissafi ba ba zai gane girman bambancin ba: allo mai inci 110 ya ninka mai inci 55 sau 4 a faɗin fili. Ɗakin da ke ɗaukar benci goma sha wani abu ba zai ƙoshi da talabijin guda ba. Sai an sayi biyu ko uku an rarraba, kuma da zarar an rarraba, an raba jama'a ke nan, waɗannan suna kallon gabas waɗancan suna kallon kudu. Daren 11 ga Fabrairu, 2024, da Najeriya ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa a Abidjan aka ci mu 2 da 1, a waje aka kafa majigin, aka rataya farin ƙyalle a jikin katanga, saboda ɗaki ba zai ɗauki mutanen ba. Ba talabijin ɗin da za ta yi wannan aikin. Da majigin nan aka kalli wasan 2018 da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo 2, lokacin yana da ƙuruciyarsa.

Dattawan suna da wani dalili da ba su cika faɗa ba, amma yana nan. Su da majigi suka buɗe ido. Tun zamanin Turawa, har zuwa gwamnatin Jihar Arewa, motar majigi ce ke yawo gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci bayan Magariba, a nuna fim na tsafta da na noma irin su Baban Larai, gari duka ya fito, mata a gefe, yara a gaba a ƙasa. A wurinsu kallo abu ne na taro. Ina ganin suna da gaskiya fiye da yadda samari ke zato, domin taron nan shi kaɗai ya rage wa gidan kallo. Fim ya riga ya koma waya. Labarina da Izzar So kowa a tafin hannunsa yake kallonsu, ko ya kai katinsa a tura masa. Ƙwallo ce ta ƙi zaman kaɗaici, ga cin data, ga jinkirin intanet da ke sa ka ji ihun maƙwabta kafin ka ga an ci.

Wanda ya fi kowa warware zancen shi ne yaron da ke gyaran waya da rediyo a bakin titi. Ranar da aka sauko da majigin aka kai masa, ya kwance murfin gefe ya zaro ɗan soson da ke tace ƙura. Ba a gane launinsa ba. Ya buga shi a gefen tebur sai ga ƙura ta zubo a dunƙule, har da yanar gizo da fiffiken ƙwari. Ya dubi mai gidan kallon ya ce, "Yallaɓai, yaushe rabon da a buɗe nan?" Amsa ita ce tun da aka saye shi. Ya ce to ga ciwon. Ƙwan majigi zafi gare shi ƙwarai, iska ce ke riƙe da ransa. Idan ƙurar hunturu ta toshe hanya, zafi ya taru, na'urar da kanta take kashe kanta don kada ta ƙone. Zafin nan kuma shi ke cin gilasan launi na ciki har hoto ya koma rawaya, kuma wannan ko an sake ƙwai ba ya gyaruwa. Sannan ya kawo wadda ta fi taɓa mu duka. Idan an kashe majigi da rimot, fanka takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci har ƙwan ya huce. Mu kuwa ana busa tashi sai a kashe janareto don a ceci mai, ko a bar shi ya mutu da kansa a tsakiyar wasa, a ƙara mai, a ja, a kunna majigin da zafinsa. Kowace irin wannan tana rage wa ƙwan kwana.

Ƙwan ma yana da iyakarsa ko an lallaɓa shi. Galibin masu ƙera su suna ba shi awa 2,000 zuwa 5,000, kuma tun kafin ya mutu haskensa ke raguwa a hankali yadda mai kallo kullum ba zai lura ba. Gidan kallon da ke aiki awa 25 a mako, tsakanin Asabar da Lahadi da dararen gasar Zakarun Turai, daga Agusta zuwa Mayu zai ci kusan awa 1,000. Ƙwai mai awa 3,000 ke nan kaka 3 ce tasa. Namu ya haura haka nesa ba kusa ba. Abin mamaki shi ne mu manoma ne, mun san gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu sai da taki, daga Tumbau har Babawa ba wanda za ka koya wa wannan, amma muka rataye na'ura a ƙarƙashin kwano shekara da shekaru muna jira ta yi ta bayarwa.

Ni a nawa ganin, tambayar a sake ko kada a sake ta zo da wuri. Sabon majigi a wannan ɗakin, da wannan ƙurar, da wannan kashe-kashen wutar, tsohuwar hanya zai bi. A fara da ɗakin. A toshe kafofin da haske ke shigowa, a sa labule mai kauri a ƙofa, a yi wa bangon sabon farin fenti marar sheƙi. A sauko da majigin daga jikin kwano inda zafi ke taruwa, a bar masa sarari ta gefen da yake fitar da iska. A riƙa kakkaɓe soson nan duk mako a lokacin hunturu, a rufe na'urar da ƙyalle bayan ta huce. A sa masa ɗan batirin nan da ke riƙe wuta na 'yan mintoci idan inji ya mutu, irin wanda ake sa wa kwamfuta. Duk wannan bai kai kuɗin talabijin guda ba. Bayan haka sai a duba: idan duhu ne kawai matsalar, sabon ƙwai ya isa, idan launi ya riga ya ƙone, kada a zuba kuɗi a kansa.

Idan kuma ta kama a saya, akwai tarko biyu da mai gyaran ya ja kunne a kai. Na farko ƙwai na jabu, wanda ake kawowa da araha, ya yi wata biyu ya dushe ko ya fashe a ciki. Ƙwan majigi yana ɗauke da sinadarin makuri mai guba, don haka ko matacce ne ba abin da za a miƙa wa yara su yi wasa da shi ba ne. Na biyu ƙananan majigin nan masu kamar gwangwanin madara da ake rubuta musu lumen dubbai a jikin kwali. Na ɗakin kwana ne, ba za su haska bangon gidan kallo ba. Wanda zai shiga Sabon Gari ko Beirut Road saye ya nemi mai lumen 3,000 na gaskiya zuwa sama, mai ramin HDMI domin dikodar yanzu, kuma in na hannu ne ya sa a kunna masa ya shiga cikin saiti ya ga awa nawa ƙwan ya ci, don na'urar tana ƙirgawa. Akwai sababbi marasa ƙwai, masu hasken lesa ko LED, da ake ba su awa 20,000, sai dai kuɗinsu, da yadda dala ta tashi tun 2023, ya fi ƙarfin gidan kallon ƙauye.

Mai gidan kallon ya saurari kowa. Abin da ya tsayar shi ne idan ya sayar da waken da ya ajiye zai sayi talabijin guda mai inci 55 domin wasan rana da ƙananan wasanni, majigin kuma a wanke shi, a sa masa ƙwai mai kyau, a riƙa kunna shi da dare kawai ranar manyan wasanni. Samari sun ce sun yarda. Sai ya ƙara da cewa kuɗin shiga zai ɗan motsa, tun da kuɗin dikoda ma kullum hawa yake. A nan ne sabuwar gardama ta tashi, kuma waɗanda suka fi kowa kiran a kawo falasma su ne suka fara cewa, "Haba Maigida, ai majigin nan da sauransa."