Mutanen Cikin Waverley

Waverley shi ne jirgin fasinja na ƙarshe a duniya mai aiki da tururi da ƙafafun filafili da har yanzu yake shiga teku. Da bazarar Turawa yakan tashi daga Gilasgo, ya gangara Kogin Clyde, ya bi ta Dunoon zuwa Rothesay a tsibirin Bute, da yamma ya dawo. Kuɗin tikiti na kallon ruwa ne. Kallon mutanen ciki kuwa gyara ne, kuma gyaran ya fi sayen yawa.

Masu kamun wuri su ne na farko. Tun ba a kwance igiya ba sun baza riga da jaka da jarida a kan benci, mutum biyu sun cinye mazaunin mutum takwas. Ruwan saman ƙasar ke mana maganinsu, da an fara yayyafi benci ya zama na kowa. Sai mai shan maganin jiri tun jirgi yana cikin kogi, inda ko shayin da ke hannunsa bai motsa ba.

Amma gwanina shi ne Malamin Inji. Dattijo ne mai hula cike da bajoji, yana tsaye a bakin shingen da ake leƙa injin, yana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Kada ka yarda ku haɗa ido. In kun haɗa, sai ka ji cewa kamfanin A. & J. Inglis ne ya ƙera jirgin, aka saka shi a ruwa a 1946, ya fara aiki a 1947, ya gaji sunan wani Waverley da aka nutsar wajen kwashe sojoji daga Dunkirk a 1940. Ka ce, "Na gode, Baba," ka ɗaga ƙafa, sai ya dafa kafaɗarka. "Tsaya, ɗana, ka san nawa aka sayar da shi a 1974? Fam ɗaya!" Yakan faɗi wannan da murna kamar daga aljihunsa fam ɗin ya fito. Daga nan sai injin Rankin & Blackmore na Greenock mai ƙarfin doki 2,100, da yadda ƙafafun biyu ke kan sanda ɗaya, ba mai juyawa ita kaɗai, shi ya sa jirgin yake shan dogon kwana. Duk wannan da ihu a cikin kunnenka, saboda ƙarar inji. Na taɓa tambayarsa shekara nawa ya yi yana aikin jirgi. Ashe a gidan waya ya yi ritaya. Kafin ya sake ni, Dunoon ta wuce ban gan ta ba.

Akwai kuma magidantan da ke ce wa matansu za su je duba inji, su dawo suna waƙa, warin da ke tashi a jikinsu ba na man inji ba ne.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai ciyar da tsuntsayen teku a bakin ruwan Rothesay. Ya jefa soyayyen dankali sama, ya yi dariya, ya ɗauki hoto, ya kama gabansa. Tsuntsayen da ya tara kuwa sai su koma kan jama'a, su fizge kifi a hannun tsohuwa, su sa yaro kuka, su yi wa mutane kashi a riga. Wannan ba son dabbobi ba ne, rashin ta-ido ne kawai.

A cikin jirgi kuwa, kusa da bututun hayaƙi inda ɗumi yake, za ka tarar da wasu 'yan ƙasarmu cikin rigunan sanyi uku-uku a tsakiyar Yuli, sun zagaye kular dafa-duka, suna ɗaga waya don mutanen Kano su ga teku. Ban san wanda ya ɗauko kular ba, sai dai sunana ne a jikin murfinta.