Matatar Ruwan Kifi Ƙirar Gida

Kifin ado ba ya shiga miya, ba ya gadin gida, ba ya amsa sallama. Aikinsa ya ci ya ɓata ruwa. Duk da haka, da Abba ya ci jarabawa na ce ya faɗi abin da yake so, kifi ya ce, ni kuma baki ya riga ya furta. Na sayo akwatin gilashi mai cin lita 40 da jajayen kifayen nan da asalinsu ƙasar Sin ne, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana kiwonsu don kallo kawai.

Ba a jima ba ruwan ya gurɓace, falo ya fara wani irin ƙarni. Na koma wurin mai kifi, ya ce sai na sayi matata. Da ya faɗi kuɗinta sai na tambayi lafiyar iyalinsa, na sayi ɗan injin hura iska kaɗai, na yi gaba. Sauran ai duk akwai su a gida.

Ga ƙirar, kuma har gobe ina nan a kan cewa ba ta da aibi. Na huda gindin gorar ruwa ta roba da ƙusa mai zafi. Na zuba tsakuwa a ƙasa don kada gorar ta taso, sai gawayi, sai sabon soso, sai auduga da na zaro daga wani matashin kai da na ga ya yi ƙiba da yawa. Na sayo tiyon ƙarin ruwa a kemis, na haɗa shi da injin, na zura cikin gorar. Kumfar iska tana hawa sama tana jan ruwa, sabon ruwa kuma yana shigowa ta ƙofofin ƙasa, dole ya ratsa duk abin da na jera. Na tara yara, na yi bisimilla, na kunna.

Kafin ƙiftawar ido ruwan ya koma baƙi ƙirin. Auta ta manna fuska a gilashi ta ce, "Baba, an ɗauke musu wuta ne?" Gawayin daga kurfotin Maman Abba na ɗebo shi, na daka a turmi. Shi wanda ake sa wa a matata na musamman ne, an gasa shi da zafi mai tsanani da tururi har ya yi ƙananan ramuka masu kama datti, kuma ko shi sai an ɗauraye. Laifin masu sayar da gawayi ne da ba sa yi wa mutum bayani.

Na canja ruwa, na wanke gawayi, komai ya daidaita. A makon ne surukata ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, aka shimfiɗa mata katifa a falo, Abba ya ce shi wajen kakarsa zai kwana. Injin yana ƙasa, kusa da kan katifar. Cikin dare aka ɗauke wuta. To, idan injin ya tsaya alhali yana ƙasa da ruwan, sai ruwa ya biyo tiyo ya gangaro, kamar yadda direba ke zuƙo fetur daga tanki. Haka ya yi ta tsiyaya har asuba.

Salatin Hajiya ne ya tashe mu. Na tarar da ita tsaye, zani sharkaf, tana riƙe da kunnen Abba.

"Ƙaton yaro kamar wannan, ɗan aji biyar! Haka kuka bar shi?"

"Wallahi Hajiya ba ni ba ne!"

Na dubi akwatin, ruwa ya ragu da kusan ɗani guda. Na dubi Hajiya. Na ce, "A yi haƙuri Hajiya, yaro ne, zai daina." Da kowa ya fita na ɗora injin a saman kanta, inda ya fi ruwan tudu.

Bayan 'yan makonni ruwan ya yi garau, soso ya yi launin ƙasa. Maƙwabcina, malamin kimiyya a sakandare, ya leƙo ya ce yanzu ne matatar ta nuna. Ya ce dattin da ido ke gani ba shi ne mai kisa ba. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kashinsa da ta wurin numfashinsa, kuma guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke tarewa cikin soso da tsakuwa, su mayar da amoniya nitirait, wasu kuma su mayar da shi nitiret mai sauƙin illa. Kafin su yi yawa sai an yi mako 4 zuwa 6. Ashe gorata gidan haya ce, 'yan hayar ke yin aikin.

Na tafi ɗaurin aure Zariya ran Asabar. Da na dawo, Maman Abba ta tare ni da fara'a.

"Baban Abba, na wanke maka ƙazamin soson nan. Sau uku na sa masa sabulu, na ɗauraye da ruwan famfo."

Ga shi kuwa fari tas, yana ƙamshi. Sabulu da sinadarin kulorin na famfo sun gama da 'yan hayata. Kifayen suka taru a saman ruwa suna buɗe baki. Na kwashe su na zuba a bahon wanka, na yi ta jigilar ruwan randa da ya kwana biyu, ina sanye da babbar rigar biki. Maƙwabcin ya ce soson matata matse shi kawai ake yi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Maman Abba ta ce ita dai a gidan ubanta ba a koya mata kiwon datti ba.

Babban cikin kifayen bai kai safiya ba, magen maƙwabta ta yi masa sutura. Sauran suna nan, kuma na manna takarda a gilashin: KADA A WANKE. Hajiya kuwa duk ranar da ta bugo waya sai ta ja kunne kada a bar Abba ya sha ruwa bayan isha'i.