Wai da mai taɓin hankali za a yi shawara?

Na hango ku, 'yan majalisar mai shayi, har kun taɓe baki. Wai likita ya zauna yana tambayar mai taɓin hankali wane magani ya fi masa? To karatun me ya yi?

Sannunku da hikima. Alhaji, ba kai ne ka jingine maganin hawan jini don yana sa ka yawan fitsari ba, kuma har yau likita bai sani ba? Ga shi kai hankalinka ƙalau, in ji ka.

Likitan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa ya san magani sarai, amma bai san sana'arka ba sai ka faɗa. Haloperidol kan sa hannu rawa, wuya ya sandare. Tela zai so a gaya masa tun kafin ya ɓata shaddar mutane. Amitriptyline na kawo barci da bushewar baki, ga direban Adaidaita Sahu da fitar asuba. Olanzapine kan buɗe ciki ya kawo ƙiba. Sodium valproate kuwa yana iya yi wa ɗan tayi illa, don haka dole a ji ko baiwar Allah tana neman haihuwa. Wani ya fi son allurar wata-wata don kada abokiyar zama ta ga ƙwaya. Ga azumi, ga aljihu. In ba a tambaya ba, sai a ce "to, likita", a je gida a tura maganin ƙarƙashin katifa.

"Ai in ciwon ya motsa ba ya gane kowa!" Yauwa, Malam, yau ka faɗi gaskiya. Shi ya sa ake zaman tun yana cikin natsuwa: wa za a kira, wane magani ya taɓa karɓarsa, wanne ya wahalar da shi.

Masu cewa baƙon abu ne, tun 1954 Farfesa Lambo ya jawo dangin marasa lafiya cikin jinya a Aro ta Abeokuta. Dokar masu taɓin hankali ta 1958 da kuke kewa ma ta kau. Buhari ya sa wa sabuwa hannu a Janairun 2023.

Ke kuma Hajiya, idan likita ya tambayi ɗanki yadda yake barci, don Allah ki bari ya amsa da bakinsa. Shekararsa 32 fa, har da furfura.