Yadda Ake Kashe Bonet Ɗin Tsohuwar A-kori-kura Ba Tare da An Yi Karo Ba

Akwai wata sanda da babu ita a littafin kowace mota, amma babu garejin da ba a ajiye ta ba. Wani wuri ƙotar fartanya ce, wani wuri guntun katakon rufi ko tsohon bututun ruwa, ta sha baƙin mai har ba a gane asalinta. Aikinta ɗaya ne, ta tokare bonet yayin da bakanike ya zura kai cikin inji. Ranar da ta zame sai a ji gwaram, a ji salati, sannan a shiga neman yaron da ya kafa ta. Waɗannan shawarwari na mai tsohuwar a-kori-kura ne da ke son motarsa ta kai matsayin sanda da wuri, ba sai ya jira shekaru sun yi masa aikin ba.

Da farko ya san gidan da motarsa ta fito. Tsohuwar Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ba ta da dogon zance: hinji biyu a gindin gilashi da siririn ƙarfe guda da ake ɗagowa a soka a rami. 'Yar robar da ke riƙe ƙarfen takan ɓace tun motar tana amarya, ƙarfen ya yi ta kaɗawa a hanya har wani ya gaji ya cire shi ya kai wa mai walda. Tsohuwar Land Rover ta Ingila kuwa safayar taya ake ɗora mata a kan bonet, don duk mai son duba mai ya fara da motsa jiki. Ita kuma Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kakuri ta Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, har yau tana dakon hatsi a kasuwannin ƙauye, kuma bonet ɗin wasu ya sha ɗauri fiye da ragon layya.

Amma ainihin masu wannan fanni Amurkawa ne. Tun da Ford ta fito da jerin motocinta na F a 1948, Chevrolet kuma ta biyo da C10 a 1960, a-kori-kurar Amurka take yawo da bonet mai faɗin tabarmar masallaci, na ƙarfe mai kauri, wanda siririn tokari ba zai yi masa komai ba. Sai aka yi masa hinji mai hannuwa da yawa, an haɗa su da ƙusoshin da aka daddale kawunansu, suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi, aka kuma rataya wa kowane gefe murɗaɗɗen sifirin mai kauri. Idan bonet yana rufe, sifirin a miƙe yake, cike da fushi. Ana fara ɗagawa sai ya riƙa tsukewa yana taya hannu, in an kai ƙarshe ya riƙe nauyin shi kaɗai. Lafiyayyen hinji yaro ma zai buɗe shi da hannu ɗaya. Wannan lafiya ita ce abin da za a yaƙa.

Matakin farko ba ya cin ko sisi: kada a taɓa sa wa hinji giris. A canza man inji, a wanke jiki da omo, a manna hoton malami a gilashin baya, amma gaɓoɓin nan a bar su da Allah. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan, gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ke kawo tsatsa ya gama aikin. A ƙasar Hausa ƙurar hunturu ta isa. Mai motar da tausayi ya kama shi, ya ce lallai sai ya shafa wani abu, to ya ɗiga baƙin man da aka juye daga inji. Wannan mai yana kiran ƙura, su haɗu su zama wani kwaɓi mai cin ƙarfe a hankali, ga kuma kwanciyar rai cewa an kula da mota. Abin gudu shi ne a wanke gaɓoɓin da kananzir, a shafa farin giris, a ɗaga bonet a sauke sau goma har maiƙon ya ratsa. Wanda ya yi haka sau biyu a shekara ya fita daga sahun masu wannan karatu.

Idan hinji ya fara kuka kamar ƙofar tsohon zaure, lokacin mataki na biyu ya yi, kuma a nan gwanintar take. Mai mota ya tsaya a gaba, ya kama leɓen bonet da hannu biyu, ya rataya duk nauyinsa ya ja ƙasa. In ya ƙi, ya ƙara ƙarfi, ai ƙarfe ba ya fin mutum taurin kai. Masu Chevrolet da GMC na samfurin 1973 zuwa 1987 sun fi kowa sanin sakamakon. Injiniyoyi sun bar wani wuri mai rauni da gangan a ƙashin bonet ɗin, domin in an yi karo ya naɗe a tsakiya maimakon ya tsaga gilashi ya iske direba. Dabara ce ta ceton rai. Sai dai bonet ba ya bambanta tirela da mai gidansa. Hinji ya cije a baya, ƙato yana ja a gaba, sai ƙarfen ya lanƙwashe daidai inda aka tsara masa, ya yi doro a gefe biyu. Mota tana tsaye a ƙofar gida, ba ta taɓa kowa ba, amma ta samu tabon hatsari. Abin ya zama ruwan dare har masu sayar da kayan gyara a Amurka suna da wasu ƙarafa na musamman da ake ɗaurawa a wurin don ƙarfafa shi. Tsofaffin hannu kuma ba sa ja ƙasa kai tsaye, sukan tura bonet ɗin baya wajen gilashi suna saukewa a hankali, suna ɗan girgiza shi hagu da dama. Kada a yi koyi da su.

Wata alamar nasara ita ce kusurwar bonet ta baya ta miƙe sama kamar kunnen jaki. Ƙusoshin hinji ne suka cinye raminsu, hannuwan suka yi lako-lako, sifirin ya samu damar ture kusurwar sama. Maganin gaskiya shi ne a sake ƙusoshin ko a sauya hinjin. Maganin da ya dace da wannan darasi shi ne a danna kusurwar da tafin hannu duk lokacin da aka rufe, har wurin ya lotsa, fenti ya fashe. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman na gwanjo, ya zaɓi wanda ya fi araha, kuma ya sayi na gefe ɗaya kawai. Sabon sifirin a dama, gajiyayye a hagu, bonet zai riƙa tashi a karkace yana gogar fenti, kamar mai gaisuwa da kafaɗa ɗaya.

Sai batun cire sifirin, inda ake samun labaran da ake ba jikoki. A nan ana bukatar filaya mai sulɓi, da sukudireba, da fuska a kusa sosai don a ga abin da ake yi. A kuma yi aikin bonet yana rabin rufe, lokacin da sifirin ke cikin fushinsa. Yaron gareji mai hankali yakan ja da baya ya ce, "Oga, ko a ɗaga shi sama tukuna?" Amsar da ta dace ita ce, "Kai, tun ba a haife ka ba nake wannan aiki." Yaron ne da gaskiya. Sifirin ya fi laushi idan an buɗe bonet har ƙarshe an tokare shi, kuma ko a hakan masu son idonsu sukan sa tabarau, su ja shi da ƙugiya ko igiya mai ƙarfi suna tsaye a gefe. Sifirin da ya kuɓuce daga filaya ba ya sallama. In an yi sa'a a tsince shi a shagon mai shayi, in ba a yi ba a tsince shi a goshi.

Mayar da shi ya fi cirewa wuya, kuma a nan Amurkawa suna da wata dabara da ta cancanci yabo ko daga bakin maƙiyi. Sukan damƙe kan sifirin, su lanƙwasa shi gefe, bakin zobban ya buɗe, su cusa tsabar kuɗi ko wosha ɗaya bayan ɗaya. Su lanƙwasa ɗaya gefen su sake cusawa. Kafin a ankara sifirin ya ƙara tsawo ba tare da an yi kokawa da shi ba, sai a rataya shi a mazauninsa da yatsa biyu. Ana sauke bonet ya miƙe, kuɗin su zube ƙasa, kowa ya tsinci nasa. Bakaniken Maraɗi ko Damagaram zai iya wannan da canjin da ke aljihunsa, tunda tsabar sefa tana nan da ranta. Na Kano sai ya nemi wosha, domin tsabar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, sulai biyar da naira ɗaya da naira biyu, ko almajiri ba ya karɓa. Wanda ya ɓoye nasa a gwangwani, ga aikin da ya samar musu a ƙarshe.

In ta kama a sauke bonet ɗin gaba ɗaya, kada a zana layi a kewayen hinji kafin a kwance noti. Ramukan notin dogaye ne, an yi su haka don a iya matsawa gaba da baya, kuma zanen minti ɗaya da alli ko ƙusa zai nuna inda komai yake. Rashin zanen yana ba mutum yini guda na ɗaurawa da kwancewa, gefe ɗaya yatsa na shiga, ɗaya gefen ko takarda ba ta wucewa. Kada kuma a nemi mataimaki. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba a ambaci bonet ba. Da an kwance notin ƙarshe zai zame baya, kusurwarsa ta sumbaci gilashin gaba, tunda ba a sa tsumma a wurin ba, sai mai gilashi ma ya samu na cefane.

Mai kuɗi yana iya sayen bonet mara nauyi na roba ya bar masa sifirin na ƙarfe, ya ga yadda ake tsagewa. Ko ya sa irin tokarin zamani mai iskar gas a ciki, wanda ke saki idan ya tsufa, musamman da sanyin asuba, ya sauko a hankali kan ƙeyar mai duba ruwan lagireto.

Saura makulli. Bonet mai buɗewa ta gaba kariya biyu gare shi: babban makullin da ake ja daga ciki ko ta gaban mota, da ƙaramar ƙugiyar da ake lalubowa da yatsa. Wannan ƙugiya ita ce mai gadin ƙarshe, kuma ɗan sifirin da ke mayar da ita bai kai ɗan yatsa ba. Idan ya tsinke, ko hinji ya karkace har makullin ya daina kamawa, sai a yanko robar tsohon tif a ɗaure bonet da bamba. Roba tana son rana, tana kuma son zafin inji. Wata rana a hanyar Kano zuwa Zariya, buhunan masara a baya, mota ta ɗauki gudu, iska za ta shiga ta ƙasa ta ɗaga bonet ya rufe gilashi ruf. Direban da ya sani ba ya danne birki gaba ɗaya, yakan leƙa ta ɗan tsagin da ya rage a gindin bonet ko ya fito da kai ta taga, ya rage gudu a hankali ya gangara gefe. Daga nan fasinjan gaba ya gama salatinsa, yaron mota ya diro daga kan buhuna ya taka bonet ɗin ya ɗan miƙe, a aike shi cikin gona ya samo igiya. In ya ga sanda mai kyau a hanya, ya haɗo da ita.