Kafiretar da Ta Ci Rigar Surukina

Mashin ɗina Bajaj Boxer ne, irin wanda kowane ɗan kabu-kabu yake ja tsakanin Dogon Daji da Jega, kuma aibinsa ɗaya tak: ba ya wuce na kowa. Tun bara na fara taɓa shi kaɗan-kaɗan. An rarake salansa har ya sami muryar manya, da aka yi aikin inji kuma aka sa masa fistan mai ɗan ƙari. Sai bakanikena, wanda ba zan faɗi rumfarsa ba don har gobe yana bi na kuɗin aiki, ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, wanga mashin yunwar iska shika ji. Maƙoshinai ya yi mai kaɗan." Ya laluba ƙarƙashin benci ya zaro wata ƙatuwar kafireta ta keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku, wanda injinsa ya ninka nawa. Tawa bakinta bai kai milimita 20 ba, wannan kuwa 30 cif. Akwatin tace iska ya ƙi shiga bakinta, aka cire shi tare da murfin gefe aka cusa a buhu. Ta zauna baki buɗe tana kallon baya, daidai inda ƙafar fasinja take sauka. A kan jak mashin ya yi rurin da ya sa mai shayi ya leƙo. Na biya kuɗin kafiretar.

Ran Asabar akwai ɗaurin auren ƙanen matata a Kebbe. Na isa lafiya, don a hanya a hankali nake ƙara wuta, kuma na tabbatar kowa ya ji isowata. Kafin a shafa fatiha na gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da ni cewa ko Hilux sai ta yi da gaske.

An shafa, an raba goro da dabino, maroƙa suna ta aikinsu, jama'a ba ta watse ba. Sai aka ce surukina zai je ɗaya unguwar ya gai da waliyyin amarya, motar da za ta kai shi kuwa ta tafi ɗauko abinci. Wani ƙanen matata, Allah ya shirye shi, ya ɗaga murya ya ce, "Ai ga mashin Malam nan, wanda Hilux ba ta kamawa." Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da uban matarsa ya san ba a so ma ku haɗa ido, balle ku haɗa kujera. Amma an riga an faɗa a gaban mutane. Na durƙusa na ce, "Baba, ku hau in kai ku." Ya yi bisimilla ya hau, cikin sabuwar babbar riga ta farar shadda wadda tun daga nesa ake jin ƙamshin bugu, ya tattare hannuwanta bisa kafaɗa, ya bar gefen ƙasa yana lilo.

Bugu ɗaya mashin ya tashi. Na sa giya, na fara sakin kuloci, na dubi jama'a, na murɗe totur har ƙarshe.

Shiru.

Ba mutuwa ya yi ba, da ma hakan ne da sauƙi. Wata irin doguwar ajiyar zuciya ya yi, "buuuh", ya tsaya tsakanin rai da mutuwa. Tun daga ranar nake juya wannan daƙiƙa a kaina, kuma yanzu na san sunan wanda ya shirya mini ita. Wani masani ne ɗan Italiya, Benturi, wanda ya rubuta tun 1797 cewa abu mai gudana in ya ratsa matsatsi gudunsa ƙaruwa yake yi, matsinsa kuma ya ragu. A kan wannan aka gina kowace kafireta. Babu famfon da ke tura fetur cikin inji. Iskar da ke wucewa da gudu ta matsatsin ita ke zuƙo shi daga ɗan kwanon da ke ƙasa. Mai hura wuta a murhu tsuke baki yake yi; in ya wage shi ya ce "haa", garwashi ko motsi. Injin Boxer kuwa abin da yake sha ƙayyadadde ne, wajen sisi 100 a duk juyi biyu. Ko da ya kai juyi 8,000 a minti ɗaya, iyakarsa lita 400 ta iska, kuma girman injin da ƙofar bawul ne ke yanke wannan hukunci, ba bakin kafireta ba. Rami mai milimita 30 ya fi mai 20 faɗi ninki biyu da kwata. Iska ɗaya ce za ta bi ta ciki, don haka gudunta bai kai rabin na da ba, ƙarfin zuƙonta kuwa ya faɗi zuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar. Inji yana son kusan kilo 15 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Nawa, a gaban dangin matata kaf, iska zalla ya haɗiya.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce mai ne ya ƙare, a yi dariya kaɗan a wuce. To amma bakin nan a buɗe yake, kuma komai rauninsa yana ja. Gefen rigar Baba da ke lilo ya matso, ya matso, sai ji na yi "fat". Shadda ta rufe bakin kafireta ruf. Duk mai mashin ya san aikin cok da sanyin safiya: a toshe iska, fetur ya bulbulo. Abin da bakanike bai iya yi da sifana ba, rigar surukina ta yi shi cikin ƙiftawar ido. Fetur ya kwararo, inji ya farka a firgice, totur a murɗe, kuloci a sake. Tayar gaba ta bar ƙasa.

Ni dai na ji mashin ya yi sauƙi, na kuma ji daɗi. A raina na ce ga aikin kuɗina ya fito. Na ɗaga murya yadda za a ji har bakin masallaci, cikin ladabi, na ce, "Baba, ku riƙe da kyau!"

Babu kowa a bayana.

Wannan kalma ita ke hana ni barci, ba faɗuwar ba. Faɗuwa kowa na yi. Amma mutum ya tafi shi kaɗai a kan mashin, fuska cike da fara'a, yana ba kujera shawara ta riƙe da kyau, alhali mai kujerar yana zaune a rairayi a bayansa! Waɗanda suka gani sun ce Baba bai ma faɗi ba, mashin ne kawai ya fita daga ƙarƙashinsa. Yadda yake zaune a sama haka ya sauka a ƙasa, gwiwoyi a buɗe, hannu ɗaya a miƙe yana neman kafaɗar da ta riga ta yi gaba, hula ta biyo shi daga baya. Na sake cewa, wai, "Kun ji ko, Baba?" Wannan ta biyun ban tuna da ita ba, amma shaidu sun yi yawa. Taku kaɗan rigar ta zare, iska ta dawo, inji ya yi atishawa ta kafireta, "tas!", har da ɗan harshen wuta, awaki suka watse, ya mutu. Sai a lokacin na waiwaya.

Maroƙi ya yi shiru. Ban taɓa ganin haka ba a ƙasar Sakkwato.

Baba ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya dubi gefen rigarsa inda wani baƙin da'ira ya fito sak girman bakin kafireta, yana warin fetur. Ya dube ni, karo na farko tun da na auri ɗiyarsa, ya ce, "Malam, mun iso?"

Daga nan ban san yadda aka yi da shi ba, don mutane sun rufe ni. Kowa a Kebbe ashe bakanike ne. Wannan ya ce a kwantar da mashin ta hagu, wancan ya ce a hura tanki da baki, wani ya riga ya fara kwance fulogi ba tare da ya tambaye ni ba. Wani direban Golf ya rantse shi ma ya sa wa motarsa babban maƙoshi kuma ta ƙara wuta. Ba ƙarya ya yi ba, amma ba gaskiya ba ce. A mota mai injekta kwamfuta ce ke auna iska ta ba da mai daidai, don haka ba ta shaƙewa irin tawa. Abin da babban maƙoshi ke yi shi ne, taɓa totur kaɗan sai ya buɗe hanya mai yawa, direba ya ji mota ta zabura ya ɗauka dawakai sun ƙaru. In ya take har ƙasa, abin da bawul ya bari shi ne zai shiga, jiya i yau. Sai injin da aka faɗaɗa wa hanyoyin kai, aka canza masa kamshaf, har maƙoshin ya zama shi ne wuri mafi matsi, shi ke cin ribar babba. Rarake salansa bai kai mutum wannan matsayi ba. Na so in gaya masa haka, amma ranar ba ni da bakin koyar da kowa.

Sai ga wani dattijo ya ratso taron yana tura keke, tsohon Raleigh mai birkin sanda, an naɗe ƙarfensa da roba mai launi. Mutane suka ba shi hanya. Ya jingine keken, ya zagaya mashin, ya duƙa ya leƙa cikin bakin kafireta ya daɗe, ya miƙe ya ce, "Ɗana, mi kac ce ya same shi?"

Na ce, "Baba, iska ce ta yi masa yawa."

Fuskarsa ta washe. "Na sani! Tun da kat taho nig gani. Ai shi na sa ya yi tsalle. Abin hawa in iska ta yi mai yawa, tsalle shika yi." Kafin in buɗe baki ya tsuguna gaban tayar gaba, ya zaro tsinken ashana daga bayan kunne, ya danna bawul. "Tsssss."

"Baba, ba wannan iskar ba, ta cikin inji."

"Duk iska ɗaya ta, ɗana. Ta nan taka hita."

Wallahi a duk ranar nan babu abin da ya sanyaya mini rai kamar mutumin nan. Bai yi mini dariya ba, bai tambaye ni nawa na saya ba. Yana sace mini iska yana ba ni tarihi. Keken nan tun zamanin Shagari yake hannunsa, ya je Gummi da shi, ya je Jega, ya ɗauko buhun gero, bai taɓa yar da kowa ba, balle suruki, saboda bai taɓa cika masa iska ba. Yana yi yana matsa tayar da babban yatsa yana kasa kunne, har sai da ta kwanta. Sannan ya ce in buga. Na buga, fulogi yana hannun wani, mashin bai ce uffan ba. Dattijo ya gyaɗa kai cikin gamsuwa ya ce, "Ka gani? Ya bar tsalle."

Jama'a suka yarda da shi. Har wani ya ce tsofaffi sun san abin da ba ya cikin littafi. Ya ba ni sharuɗɗa uku kafin ya tafi: kada in sake shan iska a wurin mai injin faci, famfon hannu ya fi albarka, in riƙa shafa wa sarƙa man gyaɗa, in kuma zan ɗauki babban mutum, in fara gwadawa da buhu. Na ba shi goron da aka ba ni, ya sa mini albarka.

Na tura mashin da kwantacciyar taya har wurin mai faci, yara suna bi na suna cewa "ku riƙe da kyau". Komawa gida Tambuwal sai da na tsaya wurin ƴan bumburutu, don bakanike ya buɗe wa kafiretar mai sosai wai ta daina tari, ita kuwa ba ta san an cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023 ba. Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, amma ban taɓa ganin sakamakon zaɓe ya ratsa ta da saurin labarin nan ba. Na tarar mai shayi ya riga ya ji, har da ƙarin cewa wuta ta kama rawani. Baba ko rawani bai sa ba.

Bakanike ya ce laifin rigar ne, mashin tsere ba a hawan sa da babbar riga. Matata ba ta ce komai ba, sai dai duk sanda zan zauna a kujera takan ce in riƙe da kyau. Daga Kebbe saƙo biyu suka zo ta bakin direba ɗaya. Na farko daga Baba, shadda yadi goma da kuɗin ɗinki, kafin Sallah. Na biyu daga dattijon ne: yana tambaya ko na rage ta baya.