Allah Ya Ja Zamanin Makaɗan Biyana

Duk wanda ya sami kujera a Zauren Zinariya na Musikverein da ke Biyana don bikin kiɗan Sabuwar Shekara ranar 1 ga Janairu, to ya taki babbar sa'a. Sai an jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa shi ake yi wa alfarmar ya biya Yuro sama da dubu a kujera ta gani ta faɗa. Wane irin karamci ne wannan!

Gaishe ku makaɗan Biyana, sarakunan goge, gagara gasa, iyayen gidan natsuwa, masu haƙurin da ya kere na damo! An kafa ku a 1842, amma da yake gaggawa aikin shaiɗan ce, ba ku karɓi mace a matsayin cikakkiyar 'yar ƙungiya ba sai 1997. Anna Lelkes ta shekara 26 tana kaɗa muku babbar garaya mai tsirkiya 47, ku kuwa saboda tsabar kare mata mutunci, kyamarar talabijin ba ta nuna komai nata sai yatsu. Sandar jagoran bikin ma har yau ba ku ɗora wa mace nauyinta ba, don tausayi.

Ga kuma asali mai tushe. An fara wannan biki ranar 31 ga Disamba 1939 ƙarƙashin Clemens Krauss, wata huɗu bayan Hitila ya afka wa Polan, aka miƙa kuɗin ƙofa ga asusun agajin hunturu na 'yan Nazi. A 1942, makaɗa 60 cikin 123 'yan jam'iyya ne. Abokan aikinsu Yahudawa an riga an hutar da su daga wahalar kiɗa, wasunsu a sansanin gwale-gwale suka cika. Ma'abota rufin asiri, ba ku tona zancen sosai ba sai 2013. Riƙon amana kuwa sai ku: Baldur von Schirach, wanda ya kwashe dubban Yahudawan birnin, da ya fito kurkuku a 1966 har sabon zoben girmamawa aka kai masa, kada yatsansa ya zauna fayau.

Sai ku 'yan kallo, masu ƙamshin turare da kwat mai sheƙi, barkanku da ƙoƙari! Da an ɗauko taken Radetzky, wanda Johann Strauss babba ya tsara a 1848 don murnar nasarar sojan Ostiriya a Italiya, jagora sai ya juyo gare ku. Ya sauke hannu, tafi ya yi ƙasa. Ya ɗaga, zaure ya ɗauka gaba ɗaya, ba mai saɓawa ko da bugu ɗaya, ba mai tambayar dalili. Biyayya irin wannan ai sai gado.